Jawabi Kan Rancen Karatu Ga Ɗalibai Masu Ɗawainiya

A jami'o'inmu akwai makaho mai biyan wanda zai karanta masa littafi, akwai matar aure mai goyo, akwai kuma maraya mai ciyar da ƙannensa. Nauyinsu ya fi na sauran ɗalibai, har yakan raba su da karatu.

To, a shekarar 2024 asusun NELFUND na Gwamnatin Tarayya ya fara ba ɗaliban jami'o'in gwamnati rance marar ruwa: kuɗin makaranta, da guzurin Naira 20,000 kowane wata. Ba a fara biya sai shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa.

Saboda haka, iyaye, kada ku bari ɗanku ya tattaro kayansa ya komo gida bai nemi wannan rance ba.