Ƙwallon Sifaniya A Talabijin Da Matasan Masarautar Daura

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, jawabinmu na yau ya shafi wani abu ne da ya game garuruwan wannan masarauta, tun daga cikin birnin Daura har zuwa Mai'adua da Zango da Ɓaure da Sandamu, wato gidajen kallon ƙwallo, musamman gasar ƙasar Sifaniya wadda ake kira La Liga. Ya wajaba mu san yadda wannan harka take gudana kafin mu yi magana a kanta, domin ba a yin gyara bisa jahilci.

An fara wannan gasa a 1929. Ƙungiyoyi 20 ne ke karawa a cikinta, kowace ta yi wasa 38, jimilla wasa 380 ke nan a kaka ɗaya. A can gida da Sifaniyanci ake sharhin wasannin, sannan a sayar wa kamfanonin talabijin na ƙasashen waje izinin nunawa. Mu nan yawanci ta tauraron ɗan'adam suke iso mana da sharhin Ingilishi, ta hanyar irin su DStv na Afirka ta Kudu, wanda ya fara aiki a 1995. Shaƙuwar 'yan Nijeriya da gasar ta daɗe, domin a 1996 Finidi George ya koma Real Betis, Emmanuel Amunike kuma ya koma Barcelona, sannan a 2022 Umar Sadiq ɗan Kaduna ya koma Real Sociedad.

Abin lura na farko shi ne lokaci. Masu gasar nan ciniki suke yi, kuma idon mai kallo shi ne hajarsu. A watan Disamba na 2017 an buga wasan Real Madrid da Barcelona da ƙarfe 1 na rana, saboda masu kallo na ƙasashen Asiya su same shi da daddare. Wanda ya tsara jadawalin nan bai san da La'asar ko Isha'i a Daura ba, bai kuma san da makarantar dare ba. Agogonmu da na Sifaniya ɗaya ne daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sabili da haka wasan ƙarfe 9 na dare ba ya tashi sai kusan ƙarfe 11, alhali kuwa yaron da ke zaune a wurin yana da darasi da safe.

Abu na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne caca. Daga 2007 zuwa 2013 sunan kamfanin caca ne a ƙirjin rigar Real Madrid. Da gwamnatin Sifaniya ta ga ɓarnar da abin ke yi wa matasanta, sai ta kafa doka a 2020 wadda ta hana sanya sunan kamfanin caca a rigunan 'yan wasa, ta kuma taƙaita tallar caca a talabijin tsakanin ƙarfe 1 zuwa 5 na asuba. To, idan masu abin sun kare 'ya'yansu, mene ne uzurinmu, mu da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta mana caca ƙarara? A yau yaro yana kallon allo, wayarsa na hannu yana zuba kuɗin da ya wuni yana nema a kan babur ko a kasuwa.

Saboda haka muna kira ga masu gidajen kallo, waɗanda sana'a ce suke ci da iyali da ita, da su riƙa dakatar da nuni idan an kira salla, su hana ƙananan yara shiga wasan dare, kuma kada su bari a mai da rumfarsu dandalin caca. Iyaye su san inda 'ya'yansu suke bayan Isha'i. Masu unguwanni da limamai su zauna da masu wannan sana'a cikin hikima da girmamawa. Ku kuma matasa, kada ɗan'uwa ya ƙaurace wa ɗan'uwansa saboda ƙungiyar da ba ta san da zamansa ba.

Allah Ya shiryar da zuriyarmu, Ya sa albarka a lokacinmu da dukiyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.