Tambayar da Ta Biyo Mu Tun Muna Yara

An roƙe mu mu ba da labarin tasowarmu. Mun yarda ne saboda wata tambaya da ta biyo mu tun muna yara, yanzu kuma ta fara bin jikokinmu: "Kai Bahaushe ne ko Kirista?"

Mu huɗu ne a ɗakin mahaifiyarmu, a wani ƙauye cikin ƙasar Dutse, tun nan yana cikin Jihar Kano. Kakanmu Bamaguje ne, yana da wurin tsafinsa a gindin tsamiya. Mahaifinmu ne ya fara jin bishara, kuma ba a majami'a ya ji ta ba. Gyambo ne ya kai shi wurin 'yan mishan na SIM. Ya daɗe yana karɓar magani, har ya koyi karatu, ya dawo gida da ƙafa lafiyayya da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932. Kaka bai kore shi ba. Cewa ya yi: "Ka bar tsamiya, na ji. Amma kada ka bar gaisuwa, kada ka bar fartanya."

Haka aka rene mu. Mun durƙusa wa manya, mun je gayya, mun sha fura a ƙwarya ɗaya da 'ya'yan liman. Da Babbar Sallah nama yakan shigo gidanmu ta kowace kusurwa. Da Kirsimati kuwa Baba ba ya yanka akuyarsa da kansa, sai ya kira maƙwabcinmu Musulmi ya yanka, domin kowa ya ci ba tare da shakka ba. A lokacin muna gani kamar tsoro ne. Sai da muka girma muka gane ƙauna ce.

A makarantar firamare tambayar ta fara samun mu. Yara suka ga ba ma alwala, suka ce to mu wane yare ne? Muka dawo gida da kuka. Inna ta ce mu je mu tambaye su ko akwai wanda ya fi mu iya karin magana.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka zo daga Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Ibo, majami'u suka cika, muka yi murna ƙwarai. Amma a nan muka gamu da ɗaya gefen tambayar. Wata Lahadi muka je sujada cikin kaftani da hula, sai mai tsaron ƙofa ya tare mu da Turanci, yana tambaya wa muke nema. 'Yan'uwa, wannan ta fi ta makaranta zafi, gama a gidan Ubanmu aka yi mana ita.

Da yawa a cikinku kuna nan a watan Satumba 2006, sa'ad da aka ƙone majami'u a Dutse, har da babbar majami'ar Angilikan. Ba za mu rufe wannan ciwo da zaƙin baki ba. Da harshenmu aka yi ihun. Amma a daren nan wani dattijo Musulmi ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gidanmu, ya zauna har asuba, ya ce wanda zai shiga sai ya tsallake shi. Cikin makon kuma wani ɗan'uwa cikin Almasihu ya dube mu ya ce, "Mutanenku ne suka yi." Duka biyun sun faru, kuma ba mu manta ko ɗaya ba.

Laifinmu kuma fa? Don gudun wannan tambaya wasunmu sun fara gudun Hausar kanta. Muna sa wa yara sunayen Turawa, muna jin kunyar addu'a da harshen da aka yi mana baftisma da shi. Bara wata jikanyarmu ta je neman takardar shaidar asali, aka dubi sunanta aka ce ta kawo hujja. Ba ta iya faɗin sunan kakan kakanta ba, ba ta san unguwarsu ba. Mun yi fushi da ma'aikacin, amma da muka kwanta sai muka ga mu ne ba mu koya mata ba. Alhali akwai Hausawa masu bi a Wusasa tun zamanin Likita Mila, kuma an buga Littafinmu da Hausa shekara 28 kafin Nijeriya ta sami 'yanci.

Saboda haka, dattawa, muna roƙo kada a mai da sujadar Hausa ta tsofaffi kaɗai. Kowane gida kuma ya zauna ya rubuta wa yara sunayen kakanni, da inda gonaki da kaburbura suke, tun masu sanin suna da rai.

Littafin Baba yana nan a hannunmu. Bangonsa ya yage tuntuni, wani baduku a kasuwar Shuwarin ya ɗinke mana shi da jar fata. Lahadin da ta wuce jikanyar nan ta karanta mana sura ta biyu ta Ayyukan Manzanni a cikinsa. Ta yi tuntuɓe sau uku, kakarta tana gyara mata.