Haƙoran Yaro Tsakanin Al'ada da Ilmin Likita



Gabatarwa

Bahaushe bai bar baki ba tare da suna ba. Yana da dasashi da fiƙa da turmi, ya kuma bambanta giɓi da wushirya, har ma zubar haƙoran yarinta ya laƙaba mata suna, watau famfara. Wannan ya nuna cewa ya daɗe yana lura da haƙori. Manufar wannan lacca ita ce ta duba wurare biyu inda lurar tasa ta kauce, har ta zama hatsari ga ƙananan yara.

Yadda haƙori ke tsirowa

Yawancin jarirai sukan fara haƙori suna da kimanin wata 6, kuma na gaba biyu na ƙasa su ne kan fara ɓullowa. Kafin yaro ya cika shekara 3 haƙoransa na farko sun kammala, guda 20. Daga wajen shekara 6 sai famfara ta soma, ta ci gaba har kusan shekara 12, na dindindin suna maye gurbinsu. Na babba, idan sun cika, 32 ne.

Zawon haƙori

Da zarar yaro ɗan wata 7 ya kama gudawa da zazzaɓi, sai a ji kakarsa ta ce, "Haƙori ne, zai wuce." Binciken likitoci ya tabbatar da cewa tsirowar haƙori takan jawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta jawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin ya yi daidai da sauye-sauye uku. Garkuwar jikin da yaro ya samu daga uwarsa tana raguwa. Ya fara zama da rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki. An kuma soma ba shi kunu da ruwan da mai yiwuwa ba a tafasa ba. Saboda haka ƙwayoyin cuta ne ke aikinsu, ana ɗora wa haƙori laifi.

Illar wannan fahimta ita ce jinkiri. Uwa ta zauna tana jiran haƙori ya huda, alhali zazzaɓin cizon sauro yana cin yaron, ko ruwan jikinsa yana ƙarewa. Illa ta biyu ita ce neman "maganin haƙori" a kanti. A ƙarshen shekarar 2008 wani irin wannan magani mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara a Legas da Zariya da wasu garuruwa. Zuwa watan Fabrairu na 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙidaya yara 84. Abin da yaro mai gudawa yake bukata shi ne nono, da ruwan gishiri da sukari, da kai shi asibiti da wuri. Ƙaiƙayin dasashi kuwa, murza shi da yatsa mai tsabta ya wadatar.

"Ai zubewa za su yi"

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar haƙoran farko tamkar baƙi masu wucewa. Da su yaro yake tauna, da su yake koyon furuci, don kuwa sautuka irin su s da z da ts suna bukatar haƙoran gaba. Su ne kuma ke riƙe wa na dindindin gurbi. Idan turmi ya ruɓe aka cire shi kafin lokacinsa, sai maƙwabtansa su matso, na bayansa ya fito a karkace. Kogon da ake cewa tsutsa ce ta yi shi, ƙwayoyin cuta ne ke cin zaƙin da ya maƙale a baki, su fitar da tsami mai narkar da haƙori. Alewa da lemon kwalba da bulunboti mai sukari da ake barin yaro ya yi barci da shi, su ne abincinsu.

Rashin tsabtar baki, idan ya haɗu da tamowa da ƙyanda, yakan buɗe ƙofa ga cutar noma, wadda ke farawa da gyambo a dasashi ta cinye kunci cikin 'yan makonni. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Kammalawa

Al'ummar da ta riƙi asuwaki a matsayin sunna ba ta bukatar a koya mata darajar tsabtar baki. Abin da ya rage shi ne ta fara da wuri. A riƙa goge dasashin jariri da ƙyalle mai tsabta. Ranar da haƙori ya ɓullo a soma goge shi safe da dare da buroshi mai laushi, da man goge baki mai sinadarin fulorayid gwargwadon ƙwayar shinkafa. Babba ya riƙa taimaka wa yaro har wajen shekara 7. Ɗaliban da ke nan su ne iyayen gobe, ma'aikata kuwa a hannunsu shirye-shiryen rediyo da asibitocin karkara suke. Idan suka kai wannan bayani cikin harshen da kaka take ji, ita da kanta za ta ce a tafi asibiti.

Allah ya raya mana zuriya.