Abincin Bukukuwan Yahudawa da Lafiyar Zuciyar Tsofaffi



Mas'alar da zan yi bayani a kanta yau ta shafi wata al'umma mai nisa da mu, amma tana da fa'ida ga duk wanda yake da tsoho a gidansa, wato yadda Yahudawa za su ci gaba da girka abincin idinsu na gado ba tare da ya zama sanadin cutar zuciya ga dattawansu ba.

Wajibi ne mu fara da asali. Yahudawan gabashin Turai, waɗanda ake kira Ashkenazi, da suka zauna ƙarnuka a Folan da Lituweniya da Yukren, ƙasashen da sanyi ya yi tsanani kuma zaitun ba ya fitowa, sun sami kansu tsakanin hukunci biyu na shari'arsu, domin an haramta musu kitsen alade, an kuma hana su haɗa nama da madara ko man shanu a tukunya ɗaya, saboda haka suka koma ga narkakken kitsen kaza da na dinya. Kazalika, tun da jini haramun ne gare su, sukan jiƙa naman yanka rabin sa'a, su lulluɓe shi da gishiri sa'a guda, sa'an nan su wanke, kuma duk da wankin akan sami ragowar gishiri a cikinsa. Wannan abinci ya dace da talaka mai aikin ƙarfi wanda ba ya ganin nama sai ranar Asabar ko ranar idi. Amma jikansa da ya tsufa a Niyok ko Landan, wanda ba ya noma kuma yana fama da hawan jini, hukuncinsa daban ne. Ga shi kuma likitoci sun tabbatar cewa akwai cutar yawan kitsen jini ta gado da ta yawaita a zuriyar Yahudawan Lituweniya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kitsen nan da gishirin nan larurar wuri da zamani ce ta kawo yawansu, kuma maganin yana cikin gadon al'ummar kanta. Musa bin Maimun, malaminsu haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya yi aikin likita a fadar Ayyubawa a Masar har wafatinsa a 1204, ya rubuta risala da Larabci a kan kiyaye lafiya domin sarki al-Afdal ɗan Salahuddin, ya kuma yi wasiyya a littafinsa na fiƙihu cewa kada mutum ya ci har ya cika ciki, ya bar kamar rubu'i na ƙoshinsa. 'Yan'uwansu na Maroko da Libiya da Turkiyya kuwa, tun fil azal da man zaitun da kifi da wake da ganyaye suke idi.

To, mu dubi tukwanen. A Idin Ƙetarewa, inda ake cin gurasa marar yisti, akan yi romon kaza da curin garin gurasar da aka kwaɓa da ƙwai da kitse. Idan uwargida ta dafa romon tun jajibere, ta bar shi ya kwana a firiji, kitsen zai daskare a sama ta kwashe shi, curin kuma ta kwaɓa shi da man zaitun, ta ƙara albasa da karas da tafarnuwa maimakon gishiri. Naman ƙirjin saniya, wanda shi ne sarkin teburin idi, haka za a yi masa: a datse kitsen da ido ke gani, a ƙara jiƙa shi cikin ruwa, kuma kada a sake barbaɗa masa gishiri.

A bikin Hanuka mai kwana 8, wanda ake tunawa da man fitilar Haikali a Ƙudus, al'ada ce a soya wainar dankalin Turawa cikin mai. Amma tun da abin da ake tunawa man zaitun ne, wanda ya shafa shi kaɗan ya gasa wainar a tanderu bai saɓa wa ma'anar bikin ba. A sabuwar shekararsu, tuffa da zuma sun wadatar wajen fatan shekara mai daɗi, ba sai an tsuma karas cikin sukari ba. Bayan azumin Yom Kifur kuma, gara a buɗa baki da ɗanyen kifi gasasshe a kan kifin da aka adana cikin gishiri, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance gishirin babban mutum ƙasa da giram 5 a yini.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, daskararren man itatuwa irin Crisco, da ya fito a Amurka a 1911 kuma gidajen Yahudawa suka karɓe shi hannu bibbiyu saboda yana shiga kowace tukunya, daga baya an gane cewa nau'in kitsen da ke cikin irinsa na dā yana toshe jijiyoyin zuciya, har Hukumar ta yi kira a 2018 da a kawar da wannan nau'i daga abinci baki ɗaya. Na biyu, gishirin fotasiyam da ake sayarwa a madadin na gargajiya yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda, sai da iznin likita.

Jama'a, babban kuskure shi ne a ware wa tsoho kwanonsa na lami alhali 'ya'ya da jikoki suna cin daɗi a gabansa, domin wannan yana karya masa zuciya ta wata fuskar. A gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, kowa ya ci daga gare ta. Ina roƙon ku, idan Babbar Salla ta zo kuka tasa soyayyen nama a gaba, ku yi wa iyayenmu irin wannan adalci. Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.