Tabilet ta ƙi kama wifi? Kada ku yi gaggawar goge ta

 

Maganarmu ta yau ba ta siyasa ba ce, amma ta shafi dukiyar jama'a. Daga Tasawa zuwa Mayahi, aikin da a da ake yi da bik da takarda yana komawa cikin tabilet: rajistar yaran da aka yi wa rigakafi, sunayen ƴan lakwal, ƙidayar gidaje. Ma'aikacin lafiya a Urafan ko Kanembakashe zai wuni yana cika bayanai ba rezo, sai ya shigo gari ya nemi wifi ya tura. Idan tabilet ta ƙi kamawa, aikin sati guda ya maƙale. Wani sai ya ɗauki mota zuwa Maraɗi, daga Tasawa fiye da kilomita 100, don matsalar da za a iya warwarewa cikin minti goma. Ku da kuka iya waya, ku ne ya kamata ku tare wannan asara.

Abu na farko, ku gano wa ke da laifi, tabilet ko boks. Ku haɗa wayarku da wannan wifin. In ita ma ta ƙi, ku bar tabilet ta huta, matsalar tana boks: ku kashe shi, ku jira kamar minti ɗaya, ku kunna. In wayar ta kama tana buɗe shafuka, to ku koma kan tabilet.

Na biyu, ku karanta abin da ta rubuta ƙarƙashin sunan wifin. Mafi yawanmu ba ma karantawa, dannawa kawai muke. Alhali ita ta faɗi ciwonta.

In ta rubuta "Erreur d'authentification", boks ne bai yarda da kod ɗin ba. Ku danna alamar ido don ku ga abin da kuke bugawa. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, sifiri ba O ba ne, 1 ba l ba ne. Wanda ya saba da jerin baƙaƙen Faransanci, AZERTY, in ya samu tabilet mai QWERTY, hannunsa zai buga Q a wurin A bai lura ba. Kod na wifi ba ya kasa baƙi 8. In abin da aka ba ku bai kai ba, an rage wani abu. Idan kuma an canza kod, tabilet tana nan riƙe da tsohon. Ku danna sunan wifin, ku sa ta manta da shi, sannan ku shigar da sabon.

Kod daidai ne amma har yanzu ta ƙi? Ku duba irin makullin. WPA2 ya fito tun 2004, WPA3 kuma a 2018, kuma Android bai fara gane WPA3 ba sai daga na 10, wanda ya fito a 2019. Boks sabo da aka kulle da WPA3 kaɗai ba zai buɗe wa tsohuwar tabilet ƙofa ba, ko sau ɗari aka buga kod. Mai boks ya shiga saitinsa ya zaɓi WPA2, ko haɗin WPA2 da WPA3.

In sunan wifin ma bai fito ba sam, alhali waya tana ganinsa, galibi maganar zango ce. Wifi yana tafiya a kan 2.4 da 5 gigahaz. Tabilet masu araha da yawa 2.4 kawai suke ji. A kunna 2.4 a boks. Dama shi ya fi nisa, ya fi ratsa bango. Wannan ya ƙara muhimmanci tunda Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, sababbin na'urori suna shigowa, tabilet ɗinmu kuwa tsofaffi ne.

In ta tsaya a "Obtention de l'adresse IP" tana ta juyawa, kod ya wuce, amma boks bai ba ta wurin zama ba. Ƙananan boks na aljihu suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka. In duk ofis da maƙwabta sun hau, babu sauran gurbi. A sauke wasu, a sake kunna boks. Akwai kuma masu boks da ke tantance na'ura da lambarta ta MAC. Daga Android 10, tabilet tana nuna lambar aro maimakon ta ainihi, sai boks ya ɗauke ta baƙuwa. A saitin wannan wifin ku zaɓi lambar na'urar ta ainihi.

In ta ce ta haɗu amma babu intanet, makulli ba shi da laifi. Ko dai forfe ya ƙare a layin da ke cikin boks, Airtel ne, Moov, Zamani ko Niger Telecom, ko rezo ya faɗi. A wuraren da ake sayar da tikitin wifi, sai an buɗe shafin shiga an sa lambar tikiti. Sannan ku dubi kwanan wata. Tabilet da batirinta ya mutu kwana da kwanaki saboda rashin kuran tana iya tashi da shekarar da ta wuce. Wifi zai kama, amma shafuka masu tsaro da rumbun da ake tura bayanai za su ƙi ta. Ku gyara kwanan wata da agogo, ku sake gwadawa.

Yanzu abubuwa biyu da nake roƙonku kada ku yi.

Kada ku mayar da tabilet yadda ta fito daga kamfani. Duk fom da ba a tura ba zai tafi, kuma ba ya dawowa. Garin neman gira a rasa ido ke nan: sunayen yara, ranakun allura, wahalar mutumin da ya bi ƙauyuka a kan babur. In ta kama dole, akwai wurin sake saitin rezo kaɗai. Wannan kod ɗin wifi yake sharewa, ba ya taɓa bayanai. In tabilet ta ma'aikata ce, ku fara sanar da majo ko dirakta kafin ku taɓa wani abu babba.

Kuma kada ku cire kod daga boks don a huta. Kafin magariba unguwa ta shanye forfen da aka saya da kuɗin aiki, kuma kowa ya shiga layi ɗaya da na'urar da ke ɗauke da sirrin marasa lafiya.

In duk an gwada an kasa, kuma lokaci ya ƙure, ku buɗe wifin wayarku, ku sa masa kod, ku haɗa tabilet ta tura aikin. Gyaran boks ya biyo baya.

Abin da nake nema gare ku ƙarami ne. Kowannenku ya koya wa mutum ɗaya wannan jeri a satin nan: mushen lakwal, ungozoma, ko sakataren magajin gari. Ku rubuta shi a takarda ku manna kusa da boks, ban da kod ɗin.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma ya zo da tabilet ɗinsa ya matso gaba mu duba tare.