Jijiyoyin Jini da Lafiyar Zuciya

  Ina gaida na Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, da duk inda muryata ta kai. Mai tsintar shinkafa ta ci gaba da abinta, kunne kawai nake roƙo.

Yau maganar jijiyoyin jini za mu yi, da yadda lafiyarsu take riƙe da lafiyar zuciya. Abin da ya sa na ɗauko ta, wata baiwar Allah ce a unguwarmu, shekarunta ba su wuce 45 ba. Ta daɗe tana fama da ciwon kai, tana aiken yaro kemis ya sayo mata ƙwaya. Rannan da asuba ta tashi alwala, buta ta suɓuce daga hannunta, baki ya karkace. Da aka kai ta asibiti aka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ashe rabonta da gwajin jini tun haihuwar autanta.

To, mene ne haɗin? Zuciya girmanta kamar dunƙulen hannunki, amma tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini kimanin lita 5 yana zaga jiki. Hanyoyin da jinin yake bi su ne jijiyoyin jini. Akwai masu ɗauke shi daga zuciya, akwai masu dawo da shi, akwai kuma ƙanana waɗanda suka fi gashi siranta, su ne masu raba abinci da iska ga tsoka. Ita kanta zuciyar tana da nata jijiyoyin da suke ciyar da ita.

Ki tuna tiyon ruwa. Sabo yana da laushi, ruwa yana wucewa salin-alin. In ya tsufa ya ƙandare, ko datti ya taru a ciki, sai injin ya yi ta wahala. Haka jijiya take. Kitse yana iya liƙewa a bangonta a hankali, hanya ta tsuke. Hawan jini kuma yana dukan bangon dare da rana har ya yi tauri. Zuciya sai ta ƙara ƙarfin turawa, ta yi kauri, daga baya ta gaji. Nan ne za ki ga haki in an yi ɗan aiki, ƙafafu sun kumbura, mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara matashin kai. In jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, shi ne bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Abin tsoron, hawan jini yawanci ba ya sallama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum 1 cikin 3 na manya a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Gwaji kawai ke nunawa. In an ɗaura miki abin awo a damtse za a faɗi lamba biyu. Wajen 120 bisa 80 lafiya lau. In ana samun 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Ki tambayi lambarki, ki sa a rubuta miki.

Mu mata muna da namu ƙarin. Mai ciki, awo ba don jariri kaɗai ba ne. Hawan jinin ciki shi ke kai wa ga jijjiga, kuma wadda ta taɓa yin sa tana bukatar ci gaba da gwaji ko bayan yaye. Sai jego. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna rama da hawan jinin ciki su ma suna da hannu. Kanwa dai 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Iyayenmu, don Allah a sassauta. Mai jegon da take haki ko kumburi, asibiti za a kai ta, kada a ce ta ƙara kunu.

Yanzu me za mu yi daga cikin gida? Na farko tukunya, don a hannunmu take. Hukumar Lafiya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da burodi da yaji. Ki rage da kaɗan-kaɗan, harshe zai saba. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna gyara miya. A rage soye-soye da kitsen nama, a yawaita zogale da alayyafo da rama da wake.

Na biyu motsi. Minti 30 a yini, kwana 5 a mako. Kulle ba ya hana wannan. Daka da shara da wanki duk motsi ne, in kuma yara sun karɓe miki, ki zaga tsakar gida da ɗan sauri bayan la'asar. Na uku, a guji maganin ƙiba irin su sha-ka-fashe, suna tayar da jini da suga. Girkin ice kuma a yi shi inda hayaƙi zai fita.

Wadda aka ɗora wa maganin hawan jini, kada ki daina don kin ji sauƙi. Sauƙin aikin maganin ne.

Maigida, na san kana jina. Asibitin Gwamna Awan da Saint Gerard duk suna nan Kakuri, ga ƙananan asibitocin unguwa. Gwajin bai fi minti 5 ba. Ka kai ta, kai ma ka miƙa hannunka. In kuwa aka ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, ko ƙirji ya yi nauyi da zufa, a yi addu'a a cikin mota, kada a jira gari ya waye.

Jiki amana ne, 'yan'uwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.