Hirar radiyo: Tsuntsu mai karkataccen baki

Ku matso kusa da radiyo, ku ajiye alli da allo tukuna. Yau hirarmu a kan wani ɗan tsuntsu take, da kuma mutumin da ya zauna bakin kogi don ya san abin da tsuntsun ke ci.

Akwai wata ƙasa mai nisa ƙwarai, cikin teku, gabas da Ostiraliya. Sunanta Niyu Zilan. Manyan tsibirai biyu gare ta, na arewa da na kudu. A tsibirin kudu koguna suna gangarowa daga duwatsu. Ruwansu ba ya bin hanya ɗaya. Yana rarrabuwa kamar kitso, yana barin tudun tsakuwa a tsakani. A kan tsakuwar nan ne tsuntsunmu ke yin ƙwai.

Bai kai kurciya girma ba. Tsawonsa kamar santimita 20 ne. Bayansa toka-toka, cikinsa fari. Abin mamaki shi ne bakinsa: a karkace yake, kuma kullum wajen dama. Duk duniya babu wani tsuntsu mai irin wannan baki. Maori, mutanen farko na ƙasar, suna ce masa ngutu parore. Mu bari mu ce masa mai karkataccen baki.

Ba ya yin sheƙa bisa itace. Ɗan gurbi yake yi cikin tsakuwa, macen ta saka ƙwai biyu. Ƙwan kamar dutse yake, sai ka taka shi ba ka gani ba. In ƴaƴa sun yi ƙwari, sai tsuntsayen su tashi zuwa bakin teku a tsibirin arewa. Yau abin da ya rage nasu kamar 5,000 ne kawai. Shi ya sa aka sa su cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu.

To, in kana son ka ceci abu mai rai, me za ka fara sani? Abincinsa. Makiyayin da bai san ciyawar da shanunsa ke so ba, ba zai kai su rani lafiya ba.

Wani mai bincike, Ray Pierce, ya ɗauki wannan aiki. Ya zaɓi koguna biyu. Na farko Rakaia, mai yawan ambaliya. Na biyu Cass, wanda ruwansa ya fi natsuwa. Shekara biyu, lokacin da tsuntsayen ke ƙwai, yana kallon yadda suke kiwo, yana duba ƙwarin da ke cikin ruwa, yana rubutawa. A 1979 ya fitar da abin da ya gano. Ga shi a taƙaice.

Na ɗaya: babban abincin tsuntsun shi ne tsutsar wani ƙwaro mai fiffike. Tsutsar cikin ruwa take girma, tana ɓuya ƙarƙashin duwatsu. Inda ta yi yawa, nan tsuntsayen ke taruwa.

Na biyu: in ruwa garau yake, da ido tsuntsun ke neman abinci. In ruwa ya gurɓace, sai ya riƙa lalube da baki.

Na uku: karkataccen bakin yana taimakonsa ya zaƙulo tsutsa daga ƙarƙashin dutse. Amma in ƙwari sun fito fili, ko a kan gaɓa, yana kama su ba da wata dabara ba.

Na huɗu: ambaliya tana rage tsutsar. Sa'an nan dole tsuntsun ya canza wurin kiwo.

Kun ga ke nan, ran tsuntsun yana tare da ran kogin. In an janye ruwa da yawa don ban-ruwan gonaki, wurin kiwonsa yana raguwa. Kuma tudun da ruwa ya kewaye sai ya haɗe da gaɓa, maƙiya su samu hanya. Su wane ne maƙiyan? Kyanwa, da bushiya, da wata ƴar dabba mai kama da tunku, wadda Turawa suka kai ƙasar a shekarun 1880 don ta kashe zomaye. Haki ma yana rufe tsakuwar, motoci kuma suna take ƙwai. Don haka yanzu ana ɗana tarkuna, ana cire haki, ana faɗakar da masu shiga kogi.

Ƴan'uwa, mu ma muna da irin wannan amana. Da rani, in kogin Isa ya janye, yashi yana fitowa, tun daga Ayoru har Gaya. Akwai tsuntsayen da ke yin ƙwai a kan wannan yashi. Masunci, mai koran dabbobi zuwa mashaya, yaro mai wanka: in ka ga tsuntsu yana kewaye ka yana kuka, ƙwansa na kusa. Ka ratse, ka bar masa wurin.

Ku lura da abu guda. Shi wannan mai bincike, babban makaminsa haƙuri ne, da ƙidaya, da rubutu. Da bai rubuta ba, da abin da ya gani ya wuce kamar ruwan kogin. Ku ma yanzu alƙalami ya shiga hannunku.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya je bakin gulbi ko tabkin da ke kusa da garinsu, da sassafe. Ya rubuta ranar. Ya ƙidaya tsuntsayen da ya gani. Ya rubuta inda suke kiwo: cikin ruwa ne, ko cikin laka, ko bisa yashi? Ku kai wa malaminku, ku karanta wa juna.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.